DUNIYAR HALITTU: Wa Zai Kwana Ɗaki Ɗaya Da Mafarauci?

A cikin watan Satumba na shekarar 2004, wani babban gidan kallon kifaye da ke garin Monterey, a Jihar Kalifoniya ta Amurka, ya yi baƙuwar da ba a saba gani ba. Wata matashiyar kifin shak ce, daga jinsin nan da ake kira farin shak, watau sarkin mafarautan teku, wadda ta faɗa cikin komar masunta. Aka saka ta cikin wani makeken tanki mai cin ruwa kimanin galan miliyan 1, tare da waɗansu kifaye iri iri da kunkurun teku. Kafin zuwanta ba a taɓa samun farin shak da ya wuce kwana 16 a tsare ba. Ita kuwa sai ta karɓi abinci, ta sake jiki, ta yi wata da watanni tana kewaya tankin ba ta taɓa kowa ba. Ta shiga da nauyin kilo 28, a kwana a tashi har ta kai kilo 73.

To, da girma ya zo sai hali ya biyo baya. A farkon shekarar 2005 ta ciji waɗansu ƙananan shak guda 2 da ke zaune tare da ita, duka suka mutu, aka kuma lura ta fara bin sauran maƙwabtanta da nufin farauta. Ran 31 ga Maris, bayan ta yi kwana 198, masu gidan suka ɗauke ta suka mayar da ita teku.

Abin lura a nan shi ne, wurin da wannan ya faru akwai ƙwararrun masana, akwai abinci a wadace, akwai kuma filin da ya fi gidan mutum girma. Duk da haka ba a iya sauya mata hali ba. Ina kuma ga mutumin da ya ajiye tankin gilashi mai tsawon ƙafa 6 a zaurensa, ko a ƙofar otal, ya cika shi da ruwan gishiri, yana son ya tara masa kifayen teku masu farauta? Kiwon irin waɗannan kifaye ya daɗe da zama abin sha'awa a Amurka da Turai da gabashin Asiya, kuma yana cin kuɗi ƙwarai. Sau da yawa abin da ke jawo hasara a cikinsa shi ne haɗa waɗanda bai kamata a haɗa ba. Mafarauci ba ya horuwa. Zaman lafiya a tankinsa yana samuwa ne daga lissafin da mai kiwo ya yi tun kafin ya sayi kifi na biyu.

Awon Baki

Lissafi na farko shi ne na baki. Masu kiwon tarwaɗa a ƙasar nan sun san wannan karatu sarai, domin in ba su riƙa tace 'ya'yan kifinsu suna ware manya daga ƙanana ba, wata rana sai su tarar dubu ta koma ɗari. Haka abin yake a ruwan gishiri. Duk abin da zai shiga bakin mafarauci, a wurinsa abinci ne, ko da kuwa sun shekara suna kwana a kogo ɗaya.

A ɗauki misalin kifin nan da ake kira zakin kifi, wanda asalinsa daga tekun Indiya da na Fasifik yake. Kyakkyawa ne na gaske, jikinsa zane zane ja da fari, fikafikansa a baje kamar mafici. Yakan kai tsawon inci 15, kuma yana tafiya a hankali kamar ba ruwansa da kowa. Amma in ya ga ƙaramin kifi sai ya baza fikafikan nan ya ritsa shi a lungu, ya wangame baki farat ɗaya, ruwa ya kwarara ciki tare da kifin. Yana iya haɗiye wanda ya kai rabin tsawonsa, har ma ya ɗara. Saboda haka ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farin zane, wanda fim ɗin Finding Nemo ya yi wa suna a shekarar 2003, ba shi da wurin zama kusa da shi, don bai fi inci 3 zuwa 4 ba. Akwai ma wanda ya fi zakin kifi haɗama, watau kifin da ake kira kwaɗon teku, mai kwanciya shiru kamar dutse, wanda ke iya haɗiye kifin da ya kai tsawonsa. Shi kam ɗakinsa daban.

Ba tsawo kaɗai ake dubawa ba, har da sura. Siririn kifi, ko da dogo ne, yana zarcewa cikin maƙogwaro ba wuya. Mai faɗin jiki kamar faifai kuwa sai ya gagari baki.

Inda mafi yawan masu kiwo ke yin kuskure shi ne, suna auna bakin yau, alhali na baɗi ya kamata su auna. Akwai wani jinsi da ake kira gurufa, mai kama da giwan ruwa a ƙira da haɗama. Ɗaya daga cikinsu, fari mai ɗigo ɗigo baƙi, ana sayar da shi yana ɗan inci 3, abin sha'awa, yana kaɗa fiffike kamar wasa. Girmansa na gaskiya kuwa ya kai inci 27, kuma yana saurin girma fiye da maƙwabtansa. Wanda ya saye shi ya haɗa shi da tsararrakinsa, bayan shekara guda sai ya ga tanki yana raguwa ɗaya bayan ɗaya, ba gawa, ba alama. Babban yayansu kuwa, wanda ya fi kowane gurufa girma, yana kai ƙafa 8 da nauyin kilo 400, ba shi da masauki sai manyan gidajen kallon kifaye.

Wani abin da ke ruɗin mai kiwo shi ne lokaci. Shi da rana yake kallon tankinsa, ya ga kowa lafiya lau. Yawancin mafarautan nan kuwa da almuru da cikin dare suke fita, sa'ad da sauran kifaye suka shige ramukan duwatsu suna barci.

Haƙori Shi Ne Shaida

Wanda ya fi kowa aikin dare shi ne morei, wani kifi mai dogon jiki kamar maciji, mazaunin kogo. Ganinsa ba shi da ƙarfi, amma hancinsa ba ya kuskure. A shekarar 2007 waɗansu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Rita Mehta da Peter Wainwright, suka nuna cewa yana da muƙamuƙi na biyu a can cikin maƙogwaro, wanda ke zaburowa gaba ya cafki abin da na waje ya riƙe, ya ja shi ciki.

Duk da wannan, ba dukan morei ne abin gudu ba, kuma haƙori ne ke rarrabe su. Akwai masu haƙora tsini kamar allura, irin su koren morei na tekun Atlantika wanda ke kai ƙafa 8. Waɗannan maciya kifi ne, ba a ba su amanar maƙwabci. Akwai kuma masu dasasshen haƙora kamar turmi, irin su mai zanen jakin dawa da kuma farin nan mai dabbare dabbaren baƙi da rawaya. Su abincinsu ƙaguwa ne da jatanlande, don haka sukan zauna da kifayen da suka ɗan tasa lami lafiya. Sai dai a sani, wanda ya zuba musu jatanlanden ado masu tsada, ya bai wa kura ajiyar nama. Har wa yau dole a rufe tankin ruf, a ɗora wa murfin nauyi, domin morei gwanin tserewa ne, ƙaramar kafa ta ishe shi.

Gaba Da Gabanta

Lissafi na biyu shi ne na hali, kuma a nan ne abin mamaki yake, domin sau da yawa mafaraucin ne ke zama abin tausayi. Zakin kifi yana da ƙayoyi 18 masu dafi, 13 daga cikinsu a gadon baya. Sai a zaci ba mai iya tunkararsa. Amma akwai waɗansu maƙwabta masu ƙaramin baki da haƙora masu ƙarfi waɗanda ba haɗiya suke yi ba, gutsura suke yi. Na farkonsu shi ne talibambam na teku, ɗan'uwan wanda masuntan kogunan ƙasar nan suka sani, mai kumbura kamar ƙwallo, mai baki kamar na aku. Na biyu shi ne mai kunama, wanda ya sami sunansa daga wata ƙaya a bayansa da ke miƙewa ta kulle, ba ta kwanciya sai an danna ƙaramar da ke bayanta, kamar dai kunamar bindiga. Waɗannan biyu sukan bi zakin kifi suna tsinke masa fikafikai kaɗan kaɗan, har ya daina fitowa cin abinci, ciwo ya kama raunukan, ya mutu. Haka kuma suke yi wa ƙananan shak masu kwanciya a kan rairayi, sai dai su idanu ake fara ci.

Masu kunama su ma hali ya bambanta. Akwai wani mai manyan fararen ɗigo a ciki da rawayan baki, wanda ake ji da shi don kyau, yana kai inci 20. Yana ƙarami ba shi da fitina, har ya saba da karɓar abinci daga mai shi. In ya balaga kuwa, yana iya wayar gari ya karkashe waɗanda ya girma tare da su. Akwai kuma wani kore mai layukan ruwan lemo wanda tun yana ƙarami ba ya zama da kowa. Mai ɗan sauƙin hali a cikinsu shi ne mai jan haƙori, wanda a teku ƙananan halittun da ke yawo a tsakiyar ruwa yake ci. Masana suna kiransa Odonus niger. Kada mai karatu ya zaci daga kogin Kwara ko Jamhuriyar Nijar ya fito. Kalmar ta Latin ce, ma'anarta baƙi, shi kuwa kifin mazaunin tekun Indiya da Fasifik ne.

Ban da faɗan ci akwai faɗan gida. Kifin da ke zaune a duwatsun murjani yana da yankinsa, kuma wanda ya fi tsana shi ne mai kama da shi, a sura ko launi ko abinci, don shi ne kishiyarsa. A teku, wanda aka kora sai ya yi gaba ya nemi wani dutse. A tanki kuwa gilashi ne gaba, gilashi ne baya, wanda aka fi ƙarfi ba shi da wurin gudu. A watan Janairu na 2016, a gidan kallon kifaye na COEX da ke birnin Seoul na Koriya ta Kudu, wata shak mai tsawon ƙafa 7 ta haɗiye wani namijin shak na wani jinsi mai tsawon ƙafa 4, har aka kwana ana ganin wutsiyarsa a bakinta. Ma'aikatan gidan sun danganta abin da rigimar yanki. Don haka ƙa'idar ita ce, daga kowane dangi a ɗauki ɗaya, a kuma bambanta sura da launi da wurin zama, wani mai son ƙasa, wani mai son kogo, wani mai yawo a sarari.

Amanar Teku Ba Ta Shiga Tanki

Mai karatu zai iya cewa, ai a teku ana ganin mafarauta suna ƙulla abota. Gaskiya ne. Akwai wani ɗan siririn kifi mai shuɗi da baƙin layi wanda ya cancanci a kira shi wanzamin teku. Yana da mazauni sananne, manyan kifaye su zo su yi layi, ya bi jikinsu yana cire musu ƙwari da matacciyar fata, har ya shiga bakin gurufa ko na morei ya fito lafiya. Haka nan a shekarar 2006 wani masani, Redouan Bshary, da abokan aikinsa suka bayyana yadda wani gurufa na Bahar Maliya ke zuwa bakin kogon babban morei ya girgiza kai, watau gayyata ce, su fita farauta tare. Morei ya shiga rami ya koro, gurufa ya tsare waje, wanda rabo ya faɗo wa ya haɗiye.

Amma wannan amana riba ce ke riƙe da ita. Wanzamin teku yana da ɗimbin masu zuwa aski a kowace rana. A tanki kuwa kifi 5 ne ko 6, ba su isa su ciyar da shi ba, sai ya rame, ko ya dame su da tsinka har su gaji da shi, wata rana a neme shi a rasa. Shi ya sa masu kiwo da yawa ke ganin gara a bar shi a teku, inda aikinsa ke da amfani.

To, Su Wa Za A Haɗa?

Ga misalin haɗin da aka daɗe ana jarrabawa a tanki mai tsawon ƙafa 6, mai cin ruwa kimanin lita 700. A sa zakin kifi 1 da morei mai dasasshen haƙori 1. A ƙara musu zomon teku, wani maciyin ganye mai faɗin jiki da ƙayoyi masu dafi, wanda ba ya neman kowa da faɗa, ba kuma mai son taɓa shi. Sa'an nan a kawo ɗaya daga dangin mai aska, shi ma maciyin gansakuka ne, yana da wata ƙaya mai kaifi a kowane gefen gindin wutsiyarsa wadda yake kare kansa da ita. In da sauran wuri, a cika da kifin nan mai zanen lemo da fari da shuɗɗan haƙora, wanda kamanninsa suka fi halinsa ban tsoro. Kowannensu ya fi ƙarfin bakin ɗan'uwansa, abincinsu ya bambanta, kuma ba mai tsinkar fiffike a ciki. Wanda ransa ya fi kwanta wa mai kunama ko talibambam, sai ya haƙura da zakin kifi, ya haɗa su da masu zafin nama irinsu a tankin da ya fi wannan girma.

Shigowa ma da tsarinta. Mai sanyin hali shi ake fara sakawa, ya san gida, ya kama maɓoya, mafaɗaci kuwa shi ne na ƙarshe. In aka juya tsarin, mafaɗacin zai ɗauki tankin duka a matsayin gidan gadonsa. Kowane baƙo sai ya yi kamar mako 4 a wani ƙaramin tanki shi kaɗai, a tabbatar yana cin abinci, ba ya kuma ɗauke da cutar nan ta fararen ɗigo. Dalili kuwa, maganinta da aka fi sani yana da sinadarin tagulla, wanda ke kashe jatanlande da ƙaguwa, yana kuma wahalar da shak da morei da talibambam. Ranar haɗuwa a ƙosar da 'yan gida, a sauya wa duwatsu zama don iyakokin da aka shata su rushe, a rage haske. In da hali a sa baƙon cikin wani akwati mai huji a cikin tankin na 'yan kwanaki, a ga wanda ke kai masa hari ta bayan shinge. Kuma a tanadi wurin da za a kai wanda zama ya ƙi, tun kafin a bukace shi.

Ciki Da Ruwa

Lissafi na uku shi ne na abin da ruwan zai iya ɗauka. Maciyin nama yana ci da yawa, yana kuma ɓata ruwa da yawa. Kashinsa da ragowar abincinsa suna zama amoniya, wadda guba ce ga kifi, sai waɗansu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a duwatsu da matata su sarrafa ta zuwa abin da ba shi da haɗari sosai. Kafin su kafu a sabon tanki akan yi mako 4 zuwa 6, kuma duk sabon kifi ƙarin kaya ne a kansu, shi ya sa ake sa tazarar makonni tsakanin baƙo da baƙo. Gishiri ya tsaya wajen giram 35 a kowace lita, ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 da 27, a kuma riƙa sauya wani kashi na ruwan a kai a kai. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, tanadin janareta ko batir ya riga sayen kifi, domin in famfo ya tsaya na 'yan sa'o'i, manyan kifaye ne ke fara rasa iskar shaƙa.

Babban mafarauci ba ya bukatar ci kullum, sau 2 ko 3 a mako ya isa. A saba masa da yankakken kifin teku da jatanlande, a miƙa wa kowa rabonsa da dogon hantsaki, don kada mai sauri ya cinye na mai nawa, kada kuma morei ya cafki yatsa a maimakon nama. Jefa masa kifayen ruwan daɗi masu rai, irin jajayen nan na ado, illa biyu gare shi. Jikinsu yana da sinadarin da ke lalata bitamin B1, sa'an nan kuma ana koya masa cewa duk abin da aka saka a tanki yana motsi nasa ne. Wanda ƙayar zakin kifi ta soke, ya tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa ba tare da ƙuna ba, sa'an nan ya nemi likita.

Inda Kuskure Ke Ƙarewa

Kuskuren haɗi ba kullum yake tsayawa a cikin gilashi ba. A shekarar 1985 aka ga zakin kifi a gaɓar tekun Jihar Fulorida ta Amurka, dubban mil daga mahaifarsa. Masana sun fi rinjaya a kan cewa masu kiwo ne suka saki waɗanda suka gagare su. A tekun Atlantika ba shi da maƙiyin da ya san shi, ƙananan kifayen wurin kuma ba su san shi abin tsoro ba ne. Zuwa shekarar 2004 ya isa tsibiran Bahamas, daga nan ya mamaye tekun Karibiyan da mashigin Meziko. Wani bincike da Mark Albins da Mark Hixon suka buga a 2008 ya nuna cewa a kan duwatsun da aka sa zakin kifi a Bahamas, yawan 'ya'yan kifayen gida da suka tsira ya ragu da kashi 79 cikin 100 a mako 5 kacal. Abin ya kai ga ana shirya gasar farautarsa da mashi, ana kuma kwaɗaita wa jama'a cin namansa.

Masu gidan Monterey sun iya mayar da baƙuwarsu teku domin daga wannan tekun ta fito. Mai tanki a zaure ba shi da wannan ƙofa, kifin da ya saya nasa ne har mutuwa, kuma da yawansu suna wuce shekara 10. Saboda haka kafin ya miƙa kuɗi, ya tambayi girman da kifin zai kai, da abin da yake ci a teku, da lokacin da yake fita nema. In amsar ba ta dace da waɗanda ke gida ba, ya bar shi a kanti, kome kyansa. Masu iya magana sun ce hali zanen dutse ne, kuma na kifi ba ya gogewa don an sauya masa ruwa.

A mako mai zuwa wannan fili zai duba yadda giwan ruwa ya sauya tafkin Biktoriya bayan da aka kai shi can a shekarun 1950.